Takarda ba ta jin bugun zuciya

 Yau magana za ta kai mu ƙasar Manga, garin Difa da ƙauyukan bakin Komadugu, kuma ta shafi ƴaƴanmu da ke gudu a filayen ƙwallo da dandalin kokowa.

Duk wanda ya san Difa ya san yadda gari ke komawa da zarar an rufe lekol an shiga babban hutu. Daga Difa Kura zuwa Afunori, daga Festibal zuwa Sabon Kare, babu unguwar da ba ta da ƙungiyarta, babu kuma sararin da ba a kafa masa sanduna biyu ba. Wani Alhaji mai fataucin tattasai zai sa kofi da rago, wani mai kanti ya ɗinka riguna da sunan kantinsa a baya, ma'aikata su zo ranar buɗewa su zauna cikin rumfa a yi jawabai. Tun daga harin ranar 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Difa, da abin da ya biyo bayansa har mutane fiye da dubu 200, na gida da na Najeriya, suka tsinci kansu a sansanoni da gefen babbar hanya, wasannin nan sun ƙara daraja, domin hukumomi da ƙungiyoyin agaji sun gane cewa yaron da ke da wasa gobe da la'asar yana da abin jira. Ba ni da ja a kan wannan ko kaɗan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an tanadi alƙali da usur da lasifika, har da masu kiɗa, amma in ka tambayi mai shirya gasar wa ya duba lafiyar yaran nan kafin a sake su cikin fili, sai ya yi maka kallon wanda ya zo ɓata biki.

Na san abin da ɗan'uwana ma'aikaci zai ce: ai akwai takarda. Gaskiya ne, akwai. Yaron da ke neman lasisi a hukumar ƙwallo, da ɗan kwalej da zai yi jarrabawar motsa jiki ta BEPC, ana neman su kawo shaidar likita cewa jikinsu zai ɗauka. To amma mu faɗa wa juna gaskiya a kan yadda ake samun wannan shaida a wurare da dama. Mai horar da yara ya rubuta sunaye ashirin a kan takarda, ya tafi shi kaɗai, ya dawo da sartifika ashirin, kowace da hatimi da sa hannu. Ko kuma uba ya aiki masinjan ofis da suna da ranar haihuwa, kafin azahar an kawo masa. A daidai lokacin da ake rubuta cewa an duba yaron an same shi lafiya lau, shi yana can tafki yana wanka. Akwai ma'aikatan lafiya masu tsoron amana waɗanda ba sa sa hannu sai sun ga mutum da idonsu, kuma sau da yawa su ne ake kira masu taurin kai. Irin wannan takarda ta fi rashinta illa, domin kuwa wanda ba shi da ita ya san ba a duba ɗansa ba, mai ita kuwa ya kwanta da zaton an duba.

Daga Faransa muka gaji wannan al'ada, kuma abin lura shi ne su can sun sauke ta. Da dokar ranar 7 ga Mayu 2021, yaron da bai kai shekara 18 ba ya daina buƙatar shaidar likita don shiga yawancin wasanni. Shi da iyayensa ne ke amsa wasu tambayoyi a rubuce, sai in wata amsa ta nuna alamar matsala a kai shi likita. Kada wani ya yi saurin cewa to mu ma mu sauke. Faransawa sun yi haka ne domin dokarsu ta tanadar wa kowane yaro awon lafiya har sau 20 daga haihuwa zuwa shekara 16, saboda haka awon wasa ya zama maimaici a wurinsu. Mu fa, sau nawa?

A nan ne gizo ke saƙa. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, ko da yake kowa ya san yadda jinkirin biyan gidajen likita ya rage wa tsarin ƙarfi. Alluran rigakafi, awon nauyi, awon damtse don gano tamowa, ƙwayoyin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida gida da damina, kusan dukkansu na ƴan ƙasa da shekara 5 ne. Ranar da yaro ya cika biyar sai ya fita daga idon likita, ba zai sake komawa ba sai ciwo ya kayar da shi, ko ya girma yana neman shiga soja, ko kuma, in mace ce, ta je awon ciki. Shekara goma ko fiye ke nan, kuma su ne shekarun da jiki ke miƙewa, su ne kuma shekarun gudu da tsalle da kokowa. Idan haka ne, awon da ake yi kafin wasa shi ne kusan ƙofa ɗaya tak da ta rage wadda yaro mai tafiya da ƙafarsa zai bi ya tsaya gaban ma'aikacin lafiya. Ita ce muka toshe da takarda.

Me za a gani in an duba? Wanda ya koyi aikin daga littattafan Turai zai fara da zuciya. A bakin Komadugu ni da ciki zan fara.

Gasar babban hutu tana faɗowa ne a watannin Yuli da Agusta da Satumba, wato tsakiyar damina, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa. Yaron da zazzaɓi ya sha kamawa, saifarsa takan kumbura ta sauko daga ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, inda ƙashi ke kare ta, ta zo inda babu abin da ke tsakaninta da duniya sai fata da ɗan nama. Saifa jaka ce cike da jini. Gwiwar mai tsaron gida, ko faɗuwa guda a kokowa, ta isa ta fasa ta, jini ya riƙa zuba a ciki ba tare da an ga ko ɗigo a waje ba. Yaron zai tashi ya ce ba komai, bayan ɗan lokaci ya yi fari, gumi mai sanyi ya rufe shi. Maganin wannan sai tiyata da ƙarin jini, kuma wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Geskeru da Shetimari da damina ya san abin da ake nufi da kai mutum babban asibitin Difa cikin gaggawa. Alhali kuwa gano kumburin saifa ba ya bukatar na'ura: yaro ya kwanta rigingine, ma'aikaci ya ɗora hannu, ya ce ja numfashi. Minti ɗaya bai cika ba.

Sai tsargiya. Ruwan Komadugu in ya sauko daga Haɗeja da Jama'are yakan cika tafkuna da magudanan gonakin tattasai da shinkafa, kuma cikin wannan ruwa mai kwanciya ne dodon koɗin da ke renon tsutsar yake. Yara na wanka, suna kamun kifi, suna taya ban ruwa, tsutsar na huda fata ta shiga. Har yau akwai gidajen da ake ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji, ba wanda ke ɗaga kai. Tun 2004 ƙasar nan ke raba ƙwayar praziquantel a makarantu, aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba kowane yaro ke lekol ba, kuma wanda ya sha yau gobe zai koma ruwan. Jinin da ke fita kaɗan kaɗan da fitsari, ga wanda zazzaɓi ke ci, ga abincin da bai kai ba musamman a gidajen da gudun hijira ya raba da gona, su ne ke haɗuwa su ba da yaro mai ƙarancin jini. Irinsa ne mai horarwa ke yi wa tsawa yana kiransa rago domin ya tsaya yana haki, alhali zuciyarsa na aikin mutum biyu don ta isar da iska da ɗan jinin da ya rage. Ja fatar ido ƙasa, duba tafin hannu, a ɗiga jini a auna: ƙwayoyin ƙarin jini da maganin tsutsa na ƴan makonni sukan mayar da wannan ragon ɗan wasan gaba.

Batun amosanin jini, wanda muke kira emasi, ƴan'uwanmu na tsallake kuma su ce sikila, yana son a yi shi da hankali, domin an cika kuskure a kansa ta fuska biyu. Alƙaluman da hukumomin lafiya ke bayarwa sun nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijar yana ɗauke da rabin gadon, wato AS. Mai AS ba majinyaci ba ne, kuma hana shi wasa zalunci ne. In za a yi haka sai a sallami ƴan wasa biyu ko uku daga kowace ƙungiya a banza. A 2016 an fitar da sakamakon wani bincike kan sojojin Amurka baƙar fata kusan dubu 48, aka ga masu AS ba su fi sauran mutuwa ba a rundunar da ke kula da shan ruwa da hutu da zafin rana ga kowa, ko da yake sun ɗan fi saurin samun lalacewar tsoka in an matsa musu. Darasin a fili yake: haɗarin yana zuwa ne in an haɗa gudu mai tsanani da rana da ƙishirwa, abubuwa uku da Difa ba ta rasa su a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Mai SS kuwa zancensa dabam ne. Shi ma yana bukatar motsa jiki da abokai, amma gwargwado, da shawarar likita, ba gasar minti casa'in ba. Abin takaici, akwai yaran da ke kai shekara goma suna fama da ciwon ƙashi duk hunturu, ana cewa sanyi ne, ba a taɓa auna jininsu ba.

Ƙaba, fuka da ke tashi da ƙurar hunturu, farfaɗiya, idon da ba ya gani da kyau, karayar da ta ɗore a karkace, allurar sarƙe-haƙora ga masu wasa ba takalmi a filin da ke da ƙusa da kashin dabbobi, duk waɗannan tambaya da ido da hannu ke gano su, ba sai na tsaya a kansu ba.

Yanzu mu zo zuciya, tunda ita ce ke kashewa a gaban jama'a. Manyanmu suna tune da Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin Legas ranar 12 ga Agusta 1989, Najeriya na wasa da Angola, yana da shekara 25. Na bayansu sun ga Marc-Vivien Foé na Kamaru ya kife a tsakiyar fili a birnin Liyon ranar 26 ga Yuni 2003, ba wanda ya taɓa shi. Binciken gawa ya nuna naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima, ciwon da galibi gadonsa ake yi. Amma labarin da ya fi dacewa da zancenmu na wanda ya rayu ne. A 1996 Nwankwo Kanu ya dawo daga Atalanta da zinaren Olimpik a wuya, yana da shekara 20, ya riga ya ci kofin Turai da Ajax. Da ya koma Inter Milan, likitocin Italiya suka auna shi kamar yadda dokarsu ta tilasta, suka tarar ɗaya daga ƙofofin zuciyarsa ba ta rufuwa daidai. Aka yi masa aiki a Amurka a ƙarshen shekarar, ya dawo fili, ya koma Arsenal a 1999, ya sake zama gwarzon Afirka a wannan shekara, ya kuma kafa gidauniyar da ke kai yara aikin zuciya. Mutumin da duniya ke kallo yana yanka ƴan baya, ba wanda ya ga komai a jikinsa sai da aka sa shi ya kwanta aka saurara. Ido ba ya auna zuciya.

Italiya ta kafa wannan doka tun 1982, da awon likita da zanen bugun zuciya na na'ura ga duk mai shiga gasa. A lardin Veneto an bi diddigin abin daga 1979 zuwa 2004, aka ga mutuwar farat ɗaya tsakanin matasa ƴan wasa ta ragu da kashi 89 cikin 100. Amurkawa ba su bi wannan hanya ba. Ƙungiyar likitocin zuciyarsu ta tsaya kan abubuwa 14 na tambaya da dubawa, sai wanda aka yi shakka a kansa ake kaiwa na'ura. Masana suna ta muhawara a kan wace ta fi, kuma akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye: zanen zuciyar ɗan wasa baƙar fata yakan nuna wasu alamu da a da ake ɗauka ciwo ne, sai daga baya aka tabbatar lafiya ce, har aka gyara ƙa'idojin karatun a 2017. Ke nan na'ura a hannun wanda bai ƙware ba tana iya raba yaro mai lafiya da wasa har abada. Ga Difa, a ganina, hanyar tambaya da sauraro ita ce mai yiwuwa yau, kuma da muguwar rawa gara a fara da ita.

Domin kuwa ciwon zuciyar da ya fi yawa a ƴaƴanmu ba na gado ba ne, daga maƙogwaro yake farawa. Yaro tsakanin shekara 5 da 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ce belu ne, a kai shi wurin wanzami ko a ba shi ƙwaya biyu daga tebur. Bayan mako biyu ko uku gwiwa ta kumbura, ta saki, idon sawu ya ɗauka, ya saki, gwiwar hannu ta karɓa. Ciwon gaɓoɓin yana wucewa, amma jiki a wajen yaƙar ƙwayar cutar ya riga ya taɓa ƙofofin zuciya, kuma duk sanda maƙogwaron ya sake tashi tabon yana ƙaruwa. Cunkoson ɗaki yana taimaka wa wannan ƙwaya yaɗuwa, sai mai karatu ya tuna da yadda ake kwana a bukkokin ƴan gudun hijira. Allurar fenisilin sau ɗaya a kan lokaci tana hana abin tun farko, wanda kuma ya riga ya kamu, allura duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru tana tsayar da ɓarnar. A Gulu ta Uganda an gwada haka a kan yaran da aka gano da wuri, sakamakon ya fito ƙarshen 2021: cikin waɗanda ba a yi wa allura ba, 8 cikin 100 ciwonsu ya ci gaba a shekara biyu, cikin waɗanda aka yi wa kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Ba zan ɓoye cewa kunnen likita yana da iyaka ba. A Mozambik, binciken da aka buga a 2007 ya nuna sauraro ya gano kimanin yara 2 cikin 1000, hoton zuciya kuwa ya gano 30. To amma waɗanda kunne ke ji su ne waɗanda ciwonsu ya yi nisa, su ne kuma fili ya fi yi wa barazana.

Saboda haka rabin awon tambaya ce, kuma ba yaron ya kamata a tambaya shi kaɗai ba, domin yaron da ke son rigar ƙungiya zai rantse bai taɓa ko tari ba. Uwa ce ta sani. Ita za ta faɗa ko ya taɓa suma yana tsakiyar gudu, ko yakan dafe ƙirji, ko yana gajiya kafin tsaransa, ko gaɓoɓinsa sun taɓa kumbura bayan ciwon maƙogwaro, ko a dangi akwai wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya bai kai shekara 50 ba, a gona ko a ruwa ko cikin barci, aka ce iska ce. A yi mata tambayar da harshen da take ji, Kanuri ne ko Fulatanci ko Tubanci ko Larabci ko Hausa, ba a miƙa mata takardar Faransanci a ce ta dangwala ba.

A ƙarshen 2022 Difa ta karɓi baƙuncin gasar kokowa ta ƙasa karo na 43, inda Issaka Issaka na Dosso ya tafi da takobi. Ƴan kokowa goma goma daga jahohi takwas, ƙarti majiya ƙarfi, sai da suka bi ta gaban likitoci kafin su taka yashi. Bayan an watse, kowane lungu ya cika da ƙananan Issaka masu ɗaurin ɗamara da tsumma. Wasan unguwa da na dandali ba mai iya sa musu likita, ba kuma wanda ya nema. Amma ranar da babba ya tara su, ya sa kyauta, ya kira taro, ya ɗauki alhakinsu. Abin mamaki ne a ce ƙaton da ya fi buhun gero nauyi ana auna shi, ɗan shekara goma sha biyu mai siraran ƙafafu kuwa a ce Allah ya kiyaye kawai. Har ila yau awon yana warware wata rigimar da ba ta ƙarewa, ta shekaru. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, sai ka ga mai gemu a cikin ƴan ƙasa da sha biyar. Hukumar FIFA ta shiga ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu tun gasar ƴan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Mu sikeli da magwajin tsawo sun ishe mu: a haɗa yara da tsaransu a jiki, a huta da rantse-rantse da karaya.

Kada a manta da ƴan mata. Su takardar takan yi musu aiki ne a juye: ana neman a rubuta ba za su iya ba, don a raba su da darasin motsa jiki, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau. Wadda kuma ke da ƙarancin jini na gaske tun da ta fara al'ada, ba wanda ya auna ta. In aka sa ungozoma ko ma'aikaciya mace, a ɗaki mai ƙofa, da uwa a zaune, iyaye da yawa za su saki jiki.

Wani abu kuma da awon shekara ba ya maye gurbinsa: yaron da ke da zazzaɓi yau ba ya wasa yau, ko shi ne mai cin ƙwallon ƙungiya, ko wasan ƙarshe ne, kuma sai ya yi ƴan kwanaki da warkewa kafin ya koma. Zazzaɓi yakan taɓa naman zuciya, gudu a kansa ganganci ne. Haka nan wasan tsakar rana da bazara, da hana yara ruwa wai don su yi tauri, wata tsohuwar ɗabi'a ce ta masu horarwa da ya kamata a binne ta. In kuma yaro ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, to a ɗauka zuciya ce ta tsaya. Ba lokacin kwara ruwa ba ne ko cusa cokali a baki ko taruwa a kansa. Mutum ɗaya ya durƙusa ya haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirji ya riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani ya nemo mota. Christian Eriksen na Danmak ya faɗi haka ranar 12 ga Yuni 2021, aka danna ƙirjinsa nan take, aka sa masa na'urar da ke tayar da zuciya, ya tashi har ya sake buga ƙwallo. Na'urar tana da tsada, amma dannawar kyauta ce, kuma masu agajin Kuros Ruj suna koyar da ita cikin yini guda. Kowane alƙalin wasa da kowane mushen motsa jiki ya kamata ya iya.

To wa zai biya? Ga lissafi, tunda da ƴan kasuwa nake magana. Gasa mai yara 200, in kowane ya ci minti 12, awa 40 ke nan. Ma'aikatan lafiya huɗu, awa biyar a yini, kwana biyu sun gama. Kayan aikin, abin sauraron ƙirji da na awon tansiyo da sikeli da ƴan sandunan gwajin fitsari da na zazzaɓi, suna nan a gidajen likitan unguwa. Abin da ake bukata shi ne a je wurin majo da babban likitan gunduma mako biyu ko uku kafin buɗewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, a ba ma'aikatan hakkin wahalarsu a fili da rasit, a kuma sayi abin gwajin da zai ƙare. Alhaji, wanda ya iya sayen rago da riguna da hayar rumfa da lasifika, wannan ba zai gagare shi ba, da naira ko da sefa. Sai dai akwai kashi na biyu wanda ya fi nauyi, kuma in ba za a ɗauke shi ba gara kada a fara. Cikin yaran nan za a sami ƴan kaɗan da sai an tura su gaba, babban asibitin Difa, wani ma Damagaram mai nisan kilomita wajen 470, wani har Yamai mai fiye da 1300. A ce wa talaka zuciyar ɗanka tana da matsala, a cire yaron daga ƙungiya, a bar su nan, wannan ƙara masa baƙin ciki ne kawai. Masu sa kofi su ware wani abu tun farko don kuɗin mota da gwaji na irin waɗannan, su haɗa kai in ɗaya ba zai iya ba, kamar yadda suke haɗa kai in motar wani ta faɗi da kaya.

Sakamakon kuma sirri ne. A rubuta shi cikin karnen yaro a ba iyayensa. Mai shirya gasa abin da ya shafe shi kalma ɗaya ce, ya iya, ko ya dakata, ko a sauƙaƙa masa. Mun san garuruwanmu: in aka ji yau cewa ɗiyar wane tana da emasi, shekara goma masu zuwa ranar neman aurenta za a tuno.

Ku kuma ma'aikata, abin da ke hannunku bai fi alƙalami ba, amma ya isa. Wanda ke sa hannu ya daina sa wa sunan da bai ga mai shi ba, ko ɗan maigidansa ne, shugabansa kuma ya tsaya masa in an kawo ƙara. Mu da muke aiken masinja mu ɗauki yaran da kanmu mu bi layi. Babu gasar da ake buɗewa a gari ba tare da izinin hukumar gari ba. A cikin takardar neman izinin, kusa da inda ake rubuta sunan fili da ranar farawa, a ƙara layi biyu: wane gidan likita ne ya duba yaran kuma a wace rana, sannan wane ne zai tsaya a bakin fili wanda ya iya danna ƙirji. Takardar da ta zo da layukan nan babu komai a kansu, a mayar wa mai ita ya je ya cika.